Maki 46 da mai cewa yana da "mutum a ciki"

Wani ƙanenmu da ke digiri na biyu a Ingila ya rubuto hankali a tashe. Ya ci maki 46 a darasi ɗaya, bai tsallake ba, don kwana yake yi a aikin kula da tsofaffi, yayyensa na jiran aike duk wata. Wani a WhatsApp ya ce ya kawo fam 400, yana da mutum a ofishin jarrabawa da zai ɗaga makin, ko a rubuta masa aikin maimaici.

Ƙanena, riƙe kuɗinka. A can maki ba ya hannun mutum ɗaya. Malami ya duba, na biyu ya bi sawu, malamin wata jami'a ya leƙa, sannan kwamitin jarrabawa ya zauna ya tabbatar. Wane akawu ne zai ratsa duk wannan? Na ga waɗanda suka biya, aka miƙa musu aikin sata, sannan dillalin ya dawo yana cewa a ƙaro kuɗi ko ya kai ƙara makaranta. Tun 2022 sayar da irin wannan aiki laifi ne a Ingila. In aka kore ka, bizarka ta bi ruwa.

A yawancin jami'o'i 50 ne makin tsallakewa a matakinka, kuma ko 80 ka ci a maimaici, 50 za a rubuta. Wasu kan yafe ɗan giɓi irin naka in sauran darussa sun yi kyau, duba littafin ƙa'idojin sashenku. Ƙorafin "malami ya matse ni" kuwa ba a sauraronsa.

Abin da ya fi damuna ranar ƙarewar bizarka. Bizar zama bayan karatu sai jami'a ta sanar da hukuma ka kammala, kuma bizar ɗalibtarka na da rai. A makon nan ka je ofishin ɗalibai baƙi, ka tambayi ranar da kwamiti zai zauna kan maimaicin.

Su kuma yayyenka ba su kyauta ba. Awa 20 a mako doka ta ba ka ka yi aiki a lokacin zangon karatu, a ciki za ka biya haya ka ci abinci. Karatu aka tura ka. Kira babban yaya cikin ladabi, ka ce aike ya tsaya sai sakamako ya fito. In ya hau sama, Hajiya za ka yi wa bayani.