Karen Turawa ko na gida: wanne ya dace da gadin awaki a ƙauye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke yankin Ringim, Jihar Jigawa. Ina da awaki da tumaki sun kai 20, kuma bana sau biyu ɓarayi suna haura mini danga cikin dare. Ƙanena da ke Kano ya ce in tara kuɗi ya sayo mini karen Turawa, wai na gida tsoro gare su. Wane iri ya kamata in nema?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri, ya tsare sauran.

Irin karnuka suna da yawa. Ƙungiyar duniya mai rajistar jinsunan karnuka, wadda ke da mazauni a Beljiyam, ta amince da fiye da 350. Kowanne kuma da aikin da aka raine shi dominsa, da ƙasar da jikinsa ya saba da ita. Wani na kora tumaki ne, wani na bin sawun nama, wani ado ne kawai. Saboda haka kafin a tambayi sunan kare, a fara duba aikin da zai yi, da zafin garin da zai zauna, da abin da aljihun maigida zai iya ɗauka. Aikinka dai gadin dabbobi ne, kuma yana cikin ukun da hadisi ya ba da izinin ajiye kare saboda su: farauta, kiwo da tsaron gona.

Ina kyautata zaton abin da ƙanenka ke nufi shi ne Jaman Shefad, wanda mutanenmu ke kira karen 'yan sanda. A Jamus aka kafa jinsinsa a shekarar 1899, don kiwon tumaki. Yana da kaifin basira, yana jin horo, ba zan rage masa komai a nan ba. Sai dai gashinsa rufi biyu ne, na ƙasar sanyi, kuma namijinsa kan kai kilo 30 zuwa 40. Yana yawan gadon ciwon kwatangwalo, sai ka ga kare bai tsufa ba yana jan ƙafafun baya. Abin da ya fi damuna game da shi a karkara shi ne kaska. Akwai cutar jini da kaska ke sa wa karnuka, kuma an san ta fi yi wa wannan jinsi mugun kamu: zazzaɓi, ƙin cin abinci, dasashi ya yi fari, wani lokaci har haɓo. Gidan da akwai garke kuwa ba a raba shi da kaska.

Sauran da ake talla a Kano su ne Rotwaila, shi ma ɗan Jamus, da Burbul na manoman Afirka ta Kudu, da Kokeshiyan na duwatsun Jojiya da Armeniya. Duk manya ne, mazansu daga kilo 50 zuwa sama. Burbul ya fi su jure zafi, amma cinsa sai mai hali, kuma idan bai samu horo tun yana ƙarami ba, ya fi ɓarawon zama haɗari a gidan da yara ke shiga da fita. Kokeshiyan kuwa ban ba ka shawararsa ko kyauta ne. Na taɓa zuwa duba wani a cikin watan Afrilu, an ɗaure shi da sarƙa a ƙarƙashin rumfar kwano. Harshe a waje, miyau na dalala, ƙirji na bugawa kamar zugazugin maƙera, kaskon ruwansa ya yi zafi har ba ya iya sha. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafin jiki. Dabbar da aka halitta wa gashin zama cikin ƙanƙara, a ajiye ta inda zafi ke haura digiri 40 a bazara, ai azabtarwa ce.

Ga kuma batun algus. Da yawa daga kwiyakwiyan da ake sayarwa da sunan na Turawa ruwa biyu ne, sai sun girma mai saye ya gane.

Maganar cewa karen gida matsoraci ne, ban yarda da ita ba. Wanda muke gani a bola yana maƙale wutsiya, yunwa da jifan yara ne suka mayar da shi haka. Je ka ga karnukan mafarauta, ko waɗanda ke bin garken Fulani, ka ga yadda suke tsayawa. A Nijar da Mali Buzaye na da nasu dogon kare siriri, Azawak, mai gadin tanti da kamun barewa, wanda yanzu Turawa da kansu ke nema da tsada. Karenmu gashinsa gajere ne, jikinsa ya saba da rana, ya fi jure cututtukan kaska, kuma tuwo da ɗan romo da kayan ciki daga wajen mahauta sun riƙe shi. Sannan me kake bukata da tsakar dare? Kunne da haushi. Ɓarawon akuya ba girman kare yake tsoro ba, tashin mutanen gida da maƙwabta yake gudu.

Don haka shawarata, nemi kwiyakwiyai biyu na gida daga wurin mafarauci ko makiyayin da ka sani. Ka je da kanka ka ga uwar, in da hali har uban, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kada a raba su da nono kafin sati 8. Zaɓi mai ido garau, mai kuzari, wanda in ka tafa hannu zai waiwayo ya nufo ka. Mai kumburarren ciki da busasshen gashi tsutsa ce ta cika shi, mai ɓuya a lungu kuma da wuya ya yi gadi.

Da ka kawo su, makwancinsu ya zama kusa da turken awaki, su tashi da warinsu, su ɗauke su 'yan uwa. In ɗaya ya fara bin 'yan awaki da cizon wasa, a tsawatar masa nan take. Kada a bar yara su riƙa tsokanarsu, kada kuma a ɗaure su wuni da kwana, sarƙa na sa kare mugunta. A sama musu inuwar darbejiya da ruwa mai sanyi. Albasa guba ce gare su, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. Roƙona na musamman: kada a shafa musu baƙin mai ko maganin feshin gona don kashe kaska. Na ga karnukan da wannan ya kashe cikin yini guda. Ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma zai nuna maka maganin da ya dace.

Kuɗin da ka so tarawa, kashe kaɗan daga ciki a rigakafi. Tun suna sati 6 zuwa 8 ake fara allurar cutar nan mai sa amai da gudawar jini, wadda ke kashe kwiyakwiyai, na gida da na waje. A wata 3 sai allurar ciwon haukan kare, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura. Wannan ciwo in alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba ya jin magani, kuma yara na cikin waɗanda ya fi kamawa. In kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, ko da naka ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar, a kuma killace karen kwana 10 ana lura da shi.