Daraktan da Ke Fara Ɗaukar Fim Kafin Ya Gama Rubuta Labari

Tambaya: Malam, na ji an ce darakta Wong Kar-wai na Hong Kong yakan fara ɗaukar fim alhali bai gama rubuta labarin ba. Na kalli ɗaya daga cikin finafinansa, na ga labarin yana tafiya yana tsinkewa, ya ƙare ba a warware komai ba. Shin gwaninta ce, ko kuwa rashin shiri ne aka yi wa kwalliya?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai akwai gyara. Mutumin nan, wanda aka haifa a Shanghai a 1958 aka kawo shi Hong Kong yana ɗan shekara biyar, da rubutun labaran talabijin da na fim ya fara sana'a, ya kuma yi shekaru a kai kafin ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko a 1988. Ashe ba rashin iya rubutu ke damunsa ba. Abin da ya yi shi ne, ya raba rubutun gida uku: kaɗan a takarda, wani a wurin ɗauka, mafi yawa kuma a ɗakin tace fim, wato inda ake yankewa da haɗa hotunan da aka ɗauka.

Yakan zo da wuri, da zamani, da mutum biyu ko uku masu wata damuwa, sannan ya zuba ido ya ga abin da jaruman za su yi da su. Sau da yawa jarumi ba ya samun takardar maganganunsa sai ranar da za a ɗauka, kuma akan maimaita fitowa ɗaya ta fuskoki daban-daban har sai halin mutumin ya bayyana da kansa. Fim ɗin Chungking Express na 1994 an ɗauke shi cikin kwana 23, a lokacin da ya ɗan ajiye tace wani babban fim da ya gajiyar da shi. Labari uku ya tsara masa, biyu suka cika fim ɗin, na ukun ya zama fim mai zaman kansa a 1995.

Inda salon ya fi fitowa fili shi ne In the Mood for Love na shekarar 2000, labarin wasu maƙwabta biyu a Hong Kong ta 1962 da suka gano cewa mijin ɗaya da matar ɗayan suna cin amanarsu. An kwashe kimanin wata 15 ana ɗauka, har mai ɗaukar hoto Christopher Doyle ya tafi, Mark Lee Ping-bing ya ƙarasa aikin. An ɗauki fitowar da ke nuna maƙwabtan sun kwanta tare a ɗakin otal, an kuma ɗauki haɗuwarsu bayan shekaru, amma duk Wong ya zare su wajen tacewa. Ko fuskokin masu cin amanar ba a nuna ba. A ganina, ƙarfin fim ɗin daga abin da aka cire ya zo, domin mai kallo ya rasa tabbas kamar yadda mutanen biyu suka rasa shi, kuma abu ne mai wuya marubuci ya gane tun a takarda cewa fitowar da ya fi wahala a kanta ita ce ya kamata a jefar.

Amma kada a ruɗe ka da yabo. Salon yana cin kuɗi da lokaci, yana kuma cin haƙurin mutane. A Happy Together, wanda aka ɗauka a Ajantina, ya kuma ba shi kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa a 1997, an kai mawaƙiya Shirley Kwan har can ta yi aiki, daga baya aka cire rawarta baki ɗaya. Fim ɗinsa mai suna 2046 kuwa a makare ya isa Cannes a 2004, sai da aka sauya jadawalin nunawa saboda shi. Abin da ke hana aikin wargajewa shi ne tsayayyun abokan aiki, musamman William Chang, wanda ke tsara sutura da wuraren ɗauka, ya kuma tace da yawa daga cikin finafinan, da jarumi Tony Leung da ya daɗe da sanin halinsa.

Wani lokacin kuma tsinkewar da ka gani ba niyya ba ce tun asali. Days of Being Wild na 1990 ya ƙare da Tony Leung, wanda bai fito ko sau ɗaya a baya ba, yana shirin fita a wani ƙuntataccen ɗaki ba tare da ya ce uffan ba. An yi nufin fitowar ta buɗe kashi na biyu, amma fim ɗin bai yi kasuwa ba, kashi na biyun kuma bai fito ba.