Eriya ɗaya ko biyu: wanne ya dace da rediyon CB na babbar mota?

Tambaya: Malam, ni direban tirela ne. Na sayi rediyon CB don mu riƙa magana da abokan tafiya a hanya. Ina ganin wasu motoci da eriya biyu, kowane madubi da tasa, wasu kuma ɗaya tak. Wani abokin aikina ya ce biyu tana ninka nisan da murya ke kaiwa. Haka ne? Ina kuma da a-kori-kura da nake son in sa wa.

Amsa: Ɗan'uwa, abokin naka ya ɗan ƙara gishiri. Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Rediyon CB na yau da kullum wat 4 yake fitarwa, wanda shi ne iyakar da dokar Amurka ta yanke wa tsarin AM, kuma idan ka sa eriya biyu wannan wat 4 ɗin ne za su raba a tsakaninsu. Abin da ke canzawa shi ne inda siginar ke dosa. Eriya ɗaya a tsakiyar rufin ƙarfe tana watsa shi ko'ina, kusan daidai wa daida. Biyu da ke gefe da gefe kuwa suna matse shi, ya miƙe gaba da baya, ya ragu a dama da hagu. Ga mai bin doguwar hanya miƙaƙƙiya wannan riba ce, tunda waɗanda kake son ji suna gabanka ne ko bayanka.

Sai dai ribar tana da sharaɗi, kuma nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗinsu. CB yana aiki a kan megahaz 27, tsawon zangonsa, wato tsawon igiyar siginarsa guda ɗaya, kimanin mita 11. Kafin eriya biyu su haɗa kai yadda ya kamata, ana son tazarar da ke tsakaninsu ta kai rubu'in wannan zango, wato wajen ƙafa 9, mita 2.7 ke nan. Madubin kan tirela na dama da na hagu sun kusa kai wannan tazara, shi ya sa al'adar ta samo asali daga manyan motoci. Ko a hakan ma, ƙarin da ake samu a gaba da baya bai taka kara ya karya ba. Babban amfaninsu a tirela wani ne daban: idan eriya ɗaya ce a madubin direba, kan motar da dogon bodin da ke baya suna tare siginar ta ɗaya ɓangaren. Ta biyun ce ke cike wannan giɓi.

A-kori-kurarka fa, manta da biyu. Faɗinta bai kai ba. Za su zauna kusa da juna, su dami juna, saitinsu ya zama ciwon kai, a ƙarshe ka ga mai eriya ɗaya ya fi ka kaiwa nesa. Sa ɗaya doguwa a tsakiyar rufi ka huta.

Akwai kuma batun wayar da ke haɗa rediyo da eriya, wanda ba a cika faɗa wa mai saye ba. Rediyon yana son ganin om 50 (om shi ne ma'aunin turjiyar da lantarki ke gamuwa da ita). Eriya ɗaya da wayar RG-58 ko RG-8X, masu om 50, magana ta ƙare. Amma idan ka ɗauko irin wannan waya guda biyu ka haɗa da mahaɗi mai baki uku, rediyon om 25 zai gani, ka ga tun a nan an karkace. Eriya biyu suna da wayarsu ta musamman, RG-59 mai om 75, mai reshe biyu, galibi kowane reshe ƙafa 18. Wannan tsawo ba don ado aka zaɓe shi ba, shi ke ɗaga kowane ɓangare zuwa sama da om 100, ta yadda idan sun haɗu za su dawo kusa da 50. Don haka kada ka ga ta yi maka tsawo ka sa almakashi. Rassan biyu dole su zama tsawo ɗaya, eriyoyin ma iri ɗaya, tsawo ɗaya. Abin da ya yi saura na wayar a naɗe shi sako-sako kamar lamba 8, kada a murɗe shi ƙaramin zobe.

Ni dai in ka bi ta tawa, fara da ɗaya ko a tirelar ma. Tsawo ya fi yawa amfani a wannan harka. Cikakkiyar eriya ta rubu'in zango inci 102 ce, duk wadda ta gaza haka an naɗe mata waya ne a jiki don a cike gurbin, kuma gwargwadon gajartarta gwargwadon raguwar aikinta. Mai ƙafa 4 ko 5 wadda mafi yawanta ya zarce rufin mota za ta ba ka mamaki. Ka dai tuna da gadoji da rassan itatuwa kafin ka zaɓi tsawo. In kuma kwalliyar biyun ce ta ɗauke maka hankali, ba laifi, direbobi da dama suna kafa ta biyun ba tare da sun jona mata waya ba.

Tambaya: Na riga na sa biyu a motata, amma sai an matso kusa ake jina. Me ya lalace?

Amsa: Wataƙila babu abin da ya lalace, saiti ne ba a yi ba. Nemi na'urar auna SWR, wadda ke nuna yawan ƙarfin da ke komowa cikin rediyo maimakon ya fita. Kai motar fili, nesa da gini da sauran motoci, ka rufe ƙofofi, ka auna a tasha ta 1 da ta 40, wato ta farko da ta ƙarshe a rediyon. Idan awon ta 40 ya fi yawa, eriyar ta yi tsawo, a rage. Idan na ta 1 ne ya fi, a ƙara. Da yake biyu ne, duk ɗan abin da ka taɓa a ɗaya sai ka taɓa daidai shi a ɗayar, ka sake aunawa. Aikin haƙuri ne. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau, 2 za a iya lallaɓawa, amma in ya kai 3 ka daina danna makirfo, don kana iya ƙona rediyon.

Idan awon ya ƙi sauka a kowace tasha, duba mazaunin eriyar. Tana buƙatar haɗuwa sosai da ƙarfen mota, kuma fenti, tsatsa ko robar da ke hannun madubi suna yanke wannan haɗi. Kankare wurin, ko ka ja gajeriyar waya mai faɗi zuwa jikin ƙarfe. Motocin da aka yi musu kai da faiba kuwa akwai eriyar da aka ƙera musu wadda ba ta dogara da ƙarfen mota, tana zuwa da wayarta, ita ma ba a yanke ta.