Amsa kan makarar mutanen Jamaika

Assalamu alaikum. Ɗan'uwan da ya ce za a tura shi Jamaika koyarwa a shirin TAC na gwamnatin Najeriya mai tura ƙwararru aiki a ƙasashen waje, yake tambaya ko gaskiya ne mutanen can ba su damu da lokaci ba, kuma ko shi ma ya saki jiki, Allah ya kai ka lafiya. Na yi koyarwa a Kingston, ga abin da idona ya gani.

Gaskiya ne, amma ba a kowane wuri ba. In biki ne, ko suna, ko an gayyace ka cin abinci, to katin da ya ce ƙarfe biyu kada ka sa ran ganin amarya kafin uku ta gota. Mai gyaran famfo zai ce maka "soon come", wato yana nan tafe, ka ajiye bokiti a ƙarƙashin bututu kana ta jira, sai washegari ya ɓullo da fara'arsa, ko a jikinsa. Ba raini ba ne, Malam. Shi a ganinsa ya cika alkawari tunda ya zo. Mu da muke cewa "sai bayan La'asar" mu iso dab da Magariba, wannan ba zai zame mana baƙon abu ba.

Abin da na fi so ka gane shi ne dalili, don kada ka yi wa mutane mummunar fassara. Yawancin makarar da na gani a wurin aiki ta hanya ce. Dubban ma'aikatan Kingston a Portmore, garin da ke maƙwabtaka da birnin, suke kwana, kullum sai sun tsallako gadar da ake biyan kuɗi. Akwai wata malama, dattijuwa, da muke ofis ɗaya. Tun duhun asuba take fitowa, ta tsaya jiran tasi mai jar lamba, direba kuwa ba zai tashi ba sai mota ta cika maƙil. In aka yi ruwan Oktoba kwalbatoci suka cika, babbar mahaɗar Half Way Tree ta cushe, sai ka gan ta ta shigo bayan an kaɗa ƙararrawa, takalmi a jiƙe, lema a hannu, tana ba da haƙuri. Wallahi ban taɓa iya kiran wannan lalaci ba. Ita ce kuma ta taɓa ce mini kakanninsu da ƙaho da ƙararrawa ake tashinsu zuwa gonar rake har aka gama 'yanta bayi a 1838, shi ya sa Bajamaike ba ya son a riƙa kora shi da agogo a lokacin da yake nasa. Ban ƙaryata ta ba, ko da yake ni cunkoson hanya na fi ɗora wa laifi.

To amma kada ka ɗauki wannan ka kai shi makaranta. Akwai rajistar da malamai ke sa hannu da safe, shugabar makaranta tana dubawa, kuma kai baƙo an fi sa maka ido. Su kansu 'yan ƙasar suna kuka da halin, za ka ji ana ta muhawara a kansa a rediyo. Motocin bas na kamfanin Knutsford Express masu zuwa Montego Bay kan lokaci suke tashi, ba sa jiran kowa. Filin jirgin Norman Manley kuma hanya ɗaya ce tak take kai ka ta kan zirin Palisadoes, in ta toshe ka makara ke nan, don haka ka fita da wuri.

In za ka yi alkawari da mai aikin hannu, kada ka yarda da "anjima". Ka sa shi ya faɗi ƙarfe nawa da bakinsa, ka kira shi da safe ka tuna masa, ka kuma fara da gaisuwa, don can shiga magana ba "good morning" rashin tarbiyya ne, aikinka ma sai ya ƙara jinkiri.

Sai batun Juma'a. Ranar aiki ce cikakkiya a can, kuma salla tana faɗowa ana tsakiyar darasi. Babban masallacin Kingston yana kan titin Camp Road. Tun makon farko ka zauna da shugabar makaranta a gyara maka jadawali, ka kuma ware lokacin cunkoso na zuwa da dawowa.