An dakatar da ni kan darasin wariyar launin fata a Amurka: ina mafita?

Tambaya: Barista, ni malamar tarihi ce a wata makarantar gwamnati a Amurka, shekarata ta huɗu ke nan ina koyar da 'yan aji takwas. A darasin bauta da dokokin wariyar launin fata na raba wa ɗalibai wata takarda da na samo a shafin wata ƙungiya mai shirya wa malamai kayan koyarwa kan yaƙi da danniya. Wani uba ya ɗauki hotonta ya saka a Facebook da sunana, wai ina koya wa yara ƙin farar fata. An dakatar da ni amma ana biyana albashi, an kira ni zama mako mai zuwa, shugaban makaranta kuma ya ja ni gefe ya ce in na ajiye aiki da kaina maganar za ta mutu. Ba a ƙasar nan ake tinƙaho da 'yancin faɗar albarkacin baki ba? Abokan aikina suna so su taimaka, ba su san ta inda za su fara ba.

Amsa: Malama, Allah ya fid da ke. Kada ki sa hannu a takardar ajiye aiki, ko da an ce ta yau ce kawai. Wanda ya ajiye aiki da kansa yakan rasa damar a saurare shi, yana iya rasa kuɗin tallafin marasa aiki, kuma a jihohi da dama dole gunduma, wato hukumar makarantun yankin, ta sanar da hukumar lasisin malamai cewa wance ta tafi ana tsaka da bincikenta. Hukuncin da aka yanke kan lasisi a jiha ɗaya sauran jihohi suna gani ta rumbun bayanan NASDTEC, ƙungiyar da ta haɗa hukumomin lasisin malamai na jihohi. Maganar ba ta mutuwa, bin ki take yi. Ba ki faɗi jihar da kike ba, harkar makaranta kuwa a Amurka ta jiha ce, don haka wannan shimfiɗa ce, lauyan jiharki zai ɗora a kai.

'Yancin da kike dogaro da shi ya fi rauni a daidai inda kike tsammanin ya fi ƙarfi, wato cikin aji. A 1968, a shari'ar Pickering, Kotun Ƙoli ta goyi bayan wani malami a Illinois da aka kora don ya rubuta wa jarida wasiƙa yana sukar yadda hukumar makarantu ke kashe kuɗi. Amma shi a matsayin ɗan ƙasa ya yi magana, a wajen aji. A 2006, a shari'ar Garcetti, kotun ta ce abin da ma'aikacin gwamnati ya faɗa cikin gudanar da aikinsa ba ya samun kariyar Gyaran Farko na kundin tsarin mulki, wato sashen da ke kare 'yancin faɗar albarkacin baki. Ta bar batun koyarwa a buɗe, sai dai kotunan ɗaukaka ƙara sun rufe shi ga malaman firamare da sakandare a wurare da yawa: shari'ar Mayer daga Indiana a 2007 da ta Evans-Marshall daga Ohio a 2010 duk sun tafi a kan cewa hukumar makarantu ce ke da ikon cewa ga abin da za a koyar, malami kuma an ɗauko shi ne ya isar. In kika shiga zaman nan kina cewa “ina da 'yancin koyar da gaskiya”, kin ba su abin da suke so, don za su rubuta cewa kin amsa ra'ayinki kika koyar.

Ƙarfinki yana cikin takarda. Kowace jiha tana da ma'aunin karatu da ta wallafa, aji-aji, kuma tarihin bauta da wariya yana cikin ma'aunin tarihin Amurka. Nemo lambar sashen da darasinki ya cika. Sannan nemo ƙa'idar gundumarku kan ƙarin kayan koyarwa waɗanda ba sa cikin littafin da aka amince da shi. Nan ne shari'arki za ta tsaya ko ta faɗi. Idan ƙa'idar ta ce sai shugaban sashe ya gani kafin a raba, kuma kin tura masa tsarin darasin ya yi shiru ko ya amince, wannan saƙon ya fi kowace huɗuba. Idan ba ki nemi izini ba, a duba ko sauran malamai suna nema, ko kuwa ƙa'ida ce da ke barci har sai da aka zo kanki. Yawancin gundumomi kuma suna da matakan da uba zai bi in yana ƙorafi kan littafi ko takarda: cike fom, kwamiti ya duba, a yanke. Tsallake wannan a tafi kai tsaye ga dakatar da malama kuskure ne da ƙungiyarku ta malamai za ta iya kama su da shi.

Daga 2021 jihohi irin su Okalahoma, Teksas da Tenesi, sai Fulorida a 2022, sun yi dokokin da ke taƙaita yadda ake koyar da batun launin fata. Mutane suna jin tsoronsu fiye da yadda suke karanta su. Akasarinsu ba su hana koyar da bauta ba. Abin da suka hana shi ne a koyar cewa wani jinsi ya fi wani a halitta, ko mutum yana ɗauke da alhakin abin da masu launinsa suka aikata a da, ko ya kamata ya ji kunya ko laifi saboda launinsa. Ta Okalahoma ma ta faɗa ƙarara cewa ba ta hana abin da ya dace da ma'aunin karatun jihar ba. Ki ɗauki takardarki ki karanta ta layi-layi da dokar a gefe. Bayanin yadda aka hana baƙar fata zaɓe abu ne daban da atisayen da ke sa yara su jera bisa ga gatan da launinsu ya ba su. Na biyun shi ya fi jefa malamai cikin ruwa, ko da niyya kyakkyawa ce. In akwai irinsa a takardarki, ki gaya wa lauyanki tun yanzu, kada ya ji daga bakinsu. Akwai kuma hujjar cewa dokar ba ta fayyace abin da ta hana ba. Da ita wani alƙalin tarayya ya soke dokar New Hampshire a watan Mayun 2024, amma wannan doguwar shari'a ce ta ƙungiyoyi, ba abin da zai cece ki mako mai zuwa ba.

Sai matsayinki a aiki. Shekara huɗu a jihohi da yawa ta wuce lokacin gwaji, to ki bincika ko an tabbatar da ke a matsayin malamar dindindin. Idan an yi, shari'ar Loudermill ta 1985 ta ba ki abu uku kafin kora: a sanar da ke tuhumar, a bayyana miki hujjar, a ba ki damar amsawa. Dokar jiha takan ƙara da cikakken zaman sauraro da shaidu. Idan har yanzu kwantiragin shekara-shekara kike, suna iya barin shekara ta ƙare su ƙi sabuntawa ba tare da dogon bayani ba, kamar yadda shari'ar Roth ta 1972 ta nuna. Dakatarwa da albashi ita kanta kotuna ba su cika ɗaukar ta hukunci ba.

Game da zaman, ki rubuta musu yau ki nemi tuhumar a rubuce da sashen ƙa'idar da ake cewa kin karya, ki ce kuma za ki zo da wakilin ƙungiyar malamai. Sai kin nema ake ba ki wannan, ba sa tayi. Idan ke mamba ce a reshen NEA ko AFT, manyan ƙungiyoyin malamai na ƙasar, kira su kafin ki gama karanta wannan, suna da lauyoyi. In ba mamba ba ce, da wuya su ɗauki nauyin matsalar da ta riga shigarki, sai ki nemi lauyan ƙwadago mai aikin makarantu. A zaman ki amsa abin da aka tambaya, gajere, gaskiya. Ƙin amsawa gaba ɗaya ana iya rubuta shi a matsayin ƙin bin umarni, ƙarya kuwa ta fi darasin kansa saurin kawo kora. Kada ki naɗi murya a ɓoye, don a jihohi kamar Kalifoniya da Fulorida laifi ne sai da yardar kowa. In an miƙo takarda, ki ce za ki nuna wa lauya. Wa'adin shigar da ƙorafi a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙungiya yakan zama 'yan kwanaki kawai, ki duba naku yau.

Ki tara tsarin darasin, takardun auna aikinki na shekarun baya da hotunan abin da aka rubuta a kanki, da kwanan wata. Amma kada ki kwashi aikin ɗalibai mai sunayensu zuwa gida ko wayarki. Dokar FERPA ta 1974 tana kare bayanan ɗalibai, kuma wannan ne laifi na biyu da ake samu a hannun malamin da na farko bai kama shi ba. Imel ɗin makaranta ba naki ba ne, har ɗan jarida na iya neman abin da ke ciki, kada ki yi magana da lauya ta nan.

Idan wani malami farar fata ya yi amfani da takardar nan ko irinta ba a taɓa shi ba, magana ta canza. Sashe na 7 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ya hana bambanci a wurin aiki saboda launi, addini, jinsi ko asalin ƙasa. Ana kai ƙara hukumar EEOC, mai kula da ƙorafin bambanci a wurin aiki, cikin kwana 180, ko 300 a jihohin da ke da tasu hukumar. Nan abokan aikinki suke da amfani na gaske. Kowa ya rubuta abin da ya sani da kansa: wa ya yi amfani da kayan, wa ya amince, yaushe. Su je zaman hukumar makarantu su yi magana a lokacin jama'a, bayan tashi daga aiki, a matsayinsu na 'yan ƙasa, a nan Pickering zai iya kare su. Kada su sa ɗalibai zanga-zanga ko sa hannu a takardar koke, kada su yi amfani da injin buga takardu na makaranta, kada su zagi uban a intanet. Iyayen da suka ji daɗin darasin, wasiƙarsu ɗaya zuwa ga hukumar ta fi ta malamai goma nauyi.

Ƙarar ɓata suna a kan uban ba na ba ki shawararta yanzu. Kotuna sukan ɗauki kalma irin “mai wariya ce” a matsayin ra'ayi, kuma a jihohi masu dokar hana ƙarar toshe baki kina iya ƙarewa da biyan kuɗin lauyansa. Barazana ga ranki ko wallafa adireshinki kuwa wani abu ne daban: 'yan sanda, da sanar da gunduma a rubuce.

Idan da bizar aiki kike koyarwa, ki haɗa da lauyan shige da fice kafin zaman. Mai H-1B da ya rasa aiki kwana 60 ne mafi yawa yake da shi ya sami wani mai ɗauka ko ya canza matsayi, kuma ƙidayar tana farawa ko korar ki aka yi ko ke kika ajiye.