Ɗana ya shiga aji biyar, karatunsa sai baya yake yi

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 10, yana aji biyar na firamare. Daga aji ɗaya zuwa uku kullum yana cikin na gaba-gaba a ajinsu, amma tun da ya shiga aji huɗu sakamakonsa yake ta yin ƙasa. Yanzu aikin gida ya zame mana rigima kowace yamma, shi ya yi kuka, ni in yi faɗa. Malamarsu ta ce ba ya mai da hankali a aji, mahaifinsa kuma yana ganin lalaci ne kawai. In ɗaukar masa malamin da zai riƙa koya masa a gida ne, ko yaya zan yi?

Daga wata uwa

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka.

Ki dakata da maganar ɗaukar malami tukuna, ki kuma roƙi mahaifinsa ya ajiye zancen lalaci. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya yi shekara uku yana ƙoƙari ba zai wayi gari rana ɗaya ya zama rago ba. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne aikin ajin ne ya canza kama, kuma masu nazarin karatun yara sun daɗe da sanin lokacin da hakan ke aukuwa. Marigayiya Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard a Amurka, ita da abokan aikinta, sun bi diddigin wasu yara 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, suka wallafa abin da suka gano a 1990: a aji biyu da uku yaran suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsaransu, daga aji huɗu sai suka fara zamewa, kuma wurin da suka fara zamewa shi ne sanin ma'anar kalmomi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙananan azuzuwa yaro yana koyon yadda ake karatu ne. Jimlolin gajeru ne, kalmomin sanannu ne, malama ta faɗa aji ya maimaita. Yaro mai kaifin hadda yana iya zuwa na ɗaya a irin wannan aji alhali karatun bai zauna masa ba, kuma ba wanda zai gane. Daga aji huɗu kuwa ana ɗauka ya iya, sai a miƙa masa littafin kimiyya da na zamantakewa a ce ya karanta ya ciro ilimi da kansa. Kalmomi irin su nahiya, majalisa, narkewa da daskarewa suka shigo, lissafi ma ya fara zuwa cikin siffar labari. A ƙasashe da dama kuma daidai wannan lokacin ne ake sauya harshen koyarwa, kaya ya zama biyu. Ba ɗanki kaɗai ba ne: a 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa yara 53 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suna kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba.

To, ga abin da nake so ki fara yi, kuma ba ya buƙatar komai sai natsuwa. Ki zaɓi lokacin da ba ya cikin gajiya, ki ɗauko littafin ajinsu, ki buɗe shafin da ba su kai ba, ki ce ya karanta miki da ƙarfi na minti biyu. Kada ki gyara masa ko kalma ɗaya, ki dai saurara. Yana tsayawa a kan kowace kalma yana haɗa baƙi da wasali? Yana kallon harafin farko ya cinki sauran? Yana wuce aya kamar ba ta nan? Bayan ya gama ki rufe littafin ki ce ya ba ki labarin abin da ya karanta, da kowane harshe ya ga dama. Sannan ke ki karanta masa wani shafin mai kama da shi, ki sake tambayarsa.

Idan ya fahimci wanda kika karanta masa amma ya kasa ba da labarin nasa, matsalar tana wajen fitar da kalmomi. Ƙwaƙwalwa abubuwa kaɗan take iya riƙewa a lokaci guda. In duk ƙarfinsa ya tafi wajen haɗa haruffa, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya ɓace masa. Maganin wannan karatu ne da baki, minti 15 zuwa 20 kowace rana, da littafin da ya fi na ajinsu sauƙi, ya maimaita shafi ɗaya sau biyu ko uku har harshensa ya sake. Idan kuwa ya karanta tiryan-tiryan amma duka biyun bai fahimta ba, ƙarancin kalmomi ne ke damunsa, ko harshen littafin. Wannan yana buƙatar hira: ki riƙa karanta masa, ki tsaya a kan baƙuwar kalma, ku tattauna ta, ki sa shi ya yi jimla da ita. Ina matsa miki a kan gaggawa ne saboda wani abu da masanin harkar karatu Keith Stanovich ya bayyana tun 1986: mai jin daɗin karatu yana ƙara karantawa yana ƙara kalmomi, wanda karatu ke wahalarwa yana gudunsa, sai tazarar da ke tsakaninsu ta yi ta faɗi shekara bayan shekara.

A lissafi ma akwai wuri guda da nake fara dubawa. Ki rubuta masa 1/4 da 1/8, ki tambaye shi wanne ya fi girma. Yara da yawa za su ce 1/8, don takwas ta fi huɗu. Ki ce ya tara 1/2 da 1/3. In ya ce 2/5, ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, bai lura amsarsa ba ta ma kai rabin da ya fara da shi ba. Kada ki ba shi ƙa'ida ya haddace. Ki ba shi takarda ya ninke ta gida huɗu, wata ya ninke ta gida takwas, ya dubi girman kowane gida da idonsa. Yaran wannan shekarun sun fi kama abin da suka taɓa da hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: binciken da Robert Siegler da abokan aikinsa suka fitar a 2012, a kan yaran Amurka da Birtaniya, ya nuna cewa sanin irin wannan lissafin na kashi-kashi da na rabawa a ƙarshen firamare yana nuna yadda yaro zai yi a aljabara, wato lissafin da ake sa haruffa a madadin lambobi, idan ya je sakandare. Ki kuma gwada shi da jadawalin sau. Wanda sai ya ƙirga da yatsu kafin ya san 7 sau 8, doguwar rabawa za ta gajiyar da shi tun kafin ya kai rabi.

Sai abubuwan jiki, waɗanda ake yawan mantawa. A duba idonsa, don rashin ganin abin da ke nesa yakan fara bayyana a shekarun firamare, kuma yaron da ba ya ganin allo sosai bai san wasu sun fi shi gani ba. A duba kunnensa. Ki lura da barcinsa: yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12. Ki kuma tambaye shi a hankali wa yake zama kusa da shi, da wa yake wasa lokacin hutu. A wannan matakin dariyar 'yan aji tana da zafi ƙwarai, kuma yaron da aka taɓa yi wa dariya don ya yi tuntuɓe a karatu yakan gwammace a ce masa marar ji da a ce masa daƙiƙi.

Game da rigimar yamma, ra'ayina a fili yake: ba ta cancanci hawayen da ake zubarwa ba. Harris Cooper na Jami'ar Duke, wanda ya daɗe yana nazarin aikin gida, ya gano cewa a firamare alaƙar yawan aikin gida da cin jarabawa ba ta da ƙarfi. A sakandare take ƙaruwa. Ma'aunin da malamai da yawa ke bi shi ne minti 10 ga kowane aji, wato kamar minti 50 ga ɗan aji biyar. In lokacin ya cika bai gama ba, ki tsayar da shi, ki rubuta wa malamar inda ya maƙale. Kada ki yi masa aikin da hannunki, don hakan ɓoye wa malamar gaskiya ne. Wajen bitar darasi kuma, maimakon ya yi ta karanta shafi yana nanatawa, ya rufe littafin ya faɗi abin da ya tuna, sannan ya buɗe ya duba. Gwajin da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka yi a 2006 ya nuna cewa bayan mako guda, waɗanda suka yi ƙoƙarin tunowa sun fi waɗanda suka sake karantawa riƙe abin.

Ki je wajen malamar da ladabi, ba da ƙorafi ba. Rashin mai da hankali alama ce kawai, don haka ki tambaye ta a wane darasi yake yi, da safe ne ko bayan hutu, lokacin da take bayani ne ko lokacin da aka ce kowa ya karanta shi kaɗai. Ki nemi ganin littattafan rubutunsa na zangon da ya wuce. Ki gaya mata abin da kika gani a gida, ki roƙe ta ta dawo da shi kusa da allo, ta kuma daina kiransa karatu a gaban aji ba shiri har ya ɗan warware.

Bayan duk wannan ne maganar malamin gida za ta yi amfani, domin yanzu kin san aikin da za ki ba shi. Ki gaya masa ya koma daidai inda giɓin yake, ko da darasin aji biyu ne, kada ya zauna yana taya shi cike aikin gida. In aka yi zango guda ana karatun kullum amma har yanzu haɗa haruffa yana yi masa wuya, rubutunsa kuma cike da kurakuran da ba sa gyaruwa, ki nemi ƙwararre a fannin ilimin yara masu buƙata ta musamman ya gwada shi, don akwai larurar karatu da ake kira disleksiya, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma tana da hanyoyin koyarwa nata na daban.