Sai na sayi kwamfuta irin ta manyan kantuna kafin lissafina ya daidaita?

Wani ɗan uwa mai sarin kayan masarufi a kasuwar Singa nan Kano ya turo min tambaya. Yace yana da shago ɗaya da sito da yara biyu, kwanaki ya shiga wani babban kanti yaga ana goga kaya a na'ura kuɗi na fitowa a allo, sai ga wani matashi yazo yace zai saka masa irin wannan manhajar. Ya saya ne ko ya cigaba da littafinsa?

Toh Alhaji, kafin maganar saye bari in tambaye ka, idan ka rufe shago da magariba wane abu ne kake son sani wanda littafin nan baya gaya maka? Domin kowace sana'a da abin da take buƙatar sani. Mai babban kanti yana da kaya dubbai, sabulu kawai kala goma, ana saye ɗai-ɗai, babu bashi, ga masu karɓar kuɗi da yawa da ba zai iya tsayawa a kansu ba, dole na'ura ta ƙirga masa. Mai kemis shi damuwarsa ranar da magani zai lalace. Banki kuma so yake ya san ko kai wanene, shi yasa tun 2014 aka kawo BVN. Ɗan kasuwar hatsi ta Dawanau kuwa damuwarsa nawa buhun masara yake yau a kasuwannin ƙauye, wannan kiran waya ɗaya ya ishe shi, shi kuma ɗan Kantin Kwari hoton atamfa a WhatsApp ne ke kawo masa mai saye daga Nijar ko Chadi.

Kai fa kayanka basu da yawan iri, shinkafa, sukari, fulawa, taliya, man girki, buhu-buhu da katan-katan kake fitarwa. Abin da yake cin ɗan sari irinka bashi ne da sito da farashin sayowa, kuma wallahi na ƙarshen nan shi yafi bani tsoro. Ka sayi buhu ka ɗora ribar dubu ɗaya ka sayar kana murna, ka koma wajen dila ka tarar an ƙara dubu biyu, kaga kenan uwar kuɗi kake ci baka sani ba, littafi kuma yana nuna maka riba. Sannan tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa sun koma tiransifa, wannan ya turo a Moniepoint wancan a OPay wani kuma a asusunka da kake cefane dashi, ga alat na bogi, in yamma tayi ka rasa wa ya biya wa ya saura.

Na taɓa shiga shagon wani aboki na tarar da kwamfuta an lulluɓe ta da ɗankwali, ƙura ta hau, an ɗora flas ɗin shayi a kai. Kuɗi masu kauri ya kashe mata. Na tambayi yaransa sukace in kasuwa ta cika babu mai lokacin shigar da kaya, ga wuta babu, sai aka koma littafi. Abin ya dame ni sosai don kuɗin sun isa ƙara masa jari.

Don haka kar ka saya yanzu. Ware asusu ɗaya na shago kaɗai, duk tiransifa can zata shiga, kuma kada kaya su fita sai kun ga kuɗin a cikin asusun da idonku, ba hoton rasit a wayar mai saye ba. A wayarka ta hannu buɗe Google Sheets ko Excel, wato manhajojin rubuta lissafi a jadawali, ko ka sa yaron da yafi iya waya ya buɗe maka, shafi ɗaya na masu bashi da ranar da suka ɗauka, shafi ɗaya na abin da ya shiga sito da wanda ya fita tare da farashin dila na yau. Duk Juma'a ka shiga sito da kanka ka ƙirga buhunan ka gwada da abin da aka rubuta.

Yi wata uku a haka. In ka buɗe shago na biyu ko yara suka ƙaru har baka iya ganin kowa, sai ka kira matashin nan, amma ka tambaye shi manhajar tana aiki ba intanet, tana rubuta bashi da sunan mutum, kuma in kun rabu zaka iya cire bayananka. Lambar sirrin shiga kuma ta zauna a hannunka kai kaɗai, yara a buɗe musu tasu daban wadda ba zata iya goge ciniki ba.